Wasa na Shida Tsakanin Fischer da Spassky (1972) da Kariyar Tartakower

Wasa na shida a gasar zakaran duniya ta ces ta shekarar 1972 shi ne karawar da aka yi ranar Lahadi, 23 ga Yuli, a zauren wasanni na Laugardalshöll da ke Reykjavik, babban birnin ƙasar Aislan. Masu karawar su ne Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, wanda kambun duniya ke hannunsa tun 1969, da Robert James Fischer na Amurka, wanda ya zo neman karɓe shi. Fischer ne ya riƙe fararen 'ya'ya, kuma Spassky ya miƙa wuya bayan taku na 41. Buɗin da aka yi shi ne Gambit na Sarauniya da aka ƙi karɓa, a reshensa da ake kira Kariyar Tartakower. Masana na lissafa wannan wasa cikin mafiya tsabta da aka taɓa bugawa a gasar kambu, kuma da shi ne Fischer ya shiga gaba da maki karo na farko a gasar.

Ana buga ces a kan allo mai gidaje 64. Layukan tsaye takwas suna da haruffa daga a zuwa h, layukan kwance kuma suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar c4 ko e6. Kowane ɗan wasa yana farawa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu masu tafiya a miƙe, giwa biyu masu tafiya a karkace, doki biyu masu tsallake, da dakaru takwas. Buɗi shi ne jerin takun farko da ɗan wasa ke fito da rundunarsa da su, ya nemi iko da tsakiyar allo, ya kuma kai sarkinsa mafaka.

Gambit na Sarauniya yana cikin tsofaffin buɗe-buɗen da aka rubuta. Ya bayyana a rubutun hannu na Göttingen, wanda ake danganta shi da wajajen 1490, wato jim kaɗan bayan sarauniya da giwa sun sami irin tafiyar da suke yi a yau. Gioachino Greco na Italiya ya yi nazarinsa a ƙarni na 17, Phillip Stamma mutumin Halab ta ƙasar Siriya kuma ya yaba shi a ƙarni na 18. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai farare yana tura dakaren da ke gaban sarauniya zuwa d4, mai baƙaƙe ya tare shi a d5, sai mai farare ya tura na kusa da shi zuwa c4, inda na d5 zai iya cinsa. Tayin ba kyauta ce ta gaskiya ba, domin wanda ya ci dakaren ba ya iya riƙe shi ba tare da ya lalata tsarinsa ba. Idan mai baƙaƙe ya ƙi ci, ya tokare d5 da dakaren e6, an shiga Gambit da aka ƙi karɓa. Wannan hanya ta mamaye manyan gasanni tun ƙarshen ƙarni na 19, har ta kai a gasar kambu ta 1927 a Buenos Aires, tsakanin José Raúl Capablanca da Alexander Alekhine, wasanni 32 daga cikin 34 da ita aka buɗe su.

Tokarar e6 tana da farashi. Dakaren da ya tsaya a wannan gida yana toshe wa giwar baƙaƙe da ke c8 hanya, kuma kusan dukkan rassan wannan buɗi amsoshi ne daban-daban ga tambaya guda, wato ta ina wannan giwa za ta fito. Amsar da ta ɗauki sunan Savielly Tartakower ita ce a fara korar giwar farare daga g5 da dakaren h6, sannan a tura b6 domin a buɗe wa giwar gida ƙofa ta b7. An haifi Tartakower a Rostov da ke bakin kogin Don a 1887, ya wakilci Polan, daga baya Faransa, ya rasu a Paris a 1956. Ya buga wannan tsari da Capablanca a gasar Landan ta 1922, aka tashi canjaras. Daga baya 'yan Sobiyet biyu, Vladimir Makogonov da Igor Bondarevsky, suka gyara shi, shi ya sa littattafan Rasha ke haɗa sunayen mutum ukun. Babban gyaran shi ne idan mai farare ya ci a d5, mai baƙaƙe ya rama da doki maimakon dakare, abin da ke jawo musayar 'ya'ya biyu-biyu ya rage cunkoson da ke ɓangarensa. A tsarin lambobin buɗi da ake wallafawa a Belgrade, Kariyar Tartakower tana ƙarƙashin D58 da D59, kuma wasan Reykjavik na D59 ne.

Bondarevsky ɗin nan shi ne ya horar da Spassky a shekarun da ya hau kan karaga, kodayake sun rabu kafin gasar 1972. Saboda haka Tartakower gadon gida ce a wurin Spassky, kuma marubutan tarihin gasar sun rubuta cewa kafin wannan rana ba a taɓa doke shi da ita ba.

Gasar kanta ta zo a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. Daga 1948 zuwa lokacin, kambun duniya bai bar Tarayyar Sobiyet ba. Ya bi ta hannun Mikhail Botvinnik, Vasily Smyslov, Mikhail Tal, Tigran Petrosian, sannan Spassky, wanda aka haifa a Leningrad ranar 30 ga Janairu, 1937. Fischer, haifaffen Chicago ranar 9 ga Maris, 1943, ya iso ne bayan ya lallasa Mark Taimanov da Bent Larsen ci 6 da nema kowannensu a 1971, ya kuma doke Petrosian da maki 6½ da 2½. Ma'aunin ƙarfinsa ya kai 2785, na Spassky kuwa 2660. Duk da haka, a wasanni biyar da suka yi a baya, Spassky ya ci uku, biyu canjaras, Fischer bai ci ko ɗaya ba. An tsara wasanni 24, mai kambu yana buƙatar maki 12 ya riƙe, mai nema kuma 12½. Kowane ɗan wasa yana da awa biyu da rabi domin taku 40 na farko. Alƙalin gasar shi ne Lothar Schmid na Jamus ta Yamma, shugaban hukumar ces ta duniya, FIDE, kuma Max Euwe na Holan. Kuɗin kyauta dala 125,000 ne tun asali, sai attajirin Birtaniya Jim Slater ya ninka shi lokacin da Fischer ya yi ta jan ƙafa wajen zuwa.

Farkon gasar bai yi wa Fischer kyau ba. A wasan farko, ranar 11 ga Yuli, ya ci dakaren h2 da giwarsa, giwar ta maƙale, ya faɗi. Wasa na biyu bai halarta ba saboda rigimar kyamarorin ɗaukar hoto, aka ba Spassky makin. Spassky ya amince a yi na uku a wani ɗakin baya, nesa da 'yan kallo, inda Fischer ya doke shi karo na farko a rayuwarsa. Na huɗu canjaras, na biyar Fischer ya ci da baƙaƙe. Aka shiga na shida kowa na da maki 2½.

Takun farko shi ya fara girgiza zauren. Kusan duk rayuwarsa Fischer da dakaren sarki yake buɗewa zuwa e4, kuma mataimakan Spassky, wato Efim Geller, Nikolai Krogius da Iivo Nei, a kan haka suka fi yin shiri. A wannan rana c4 ya tura. Ya taɓa yin hakan a gasar Palma de Mallorca ta 1970, da Lev Polugaevsky da kuma Oscar Panno, wanda ya sallama wasan don nuna ƙin amincewa da jadawali ba tare da an buga ba. Spassky ya amsa da e6, Fischer ya fito da doki f3, Spassky d5, Fischer d4, sai ga su a Gambit na Sarauniya ta ƙofar gefe. Dokin baƙaƙe ya je f6, na farare c3, giwar baƙaƙe e7, ta farare g5. Spassky ya kai sarkinsa mafaka a ɓangaren sarki, Fischer ya tura e3, sannan h6, giwa ta koma h4, sai b6 a taku na 7.

Ba a cika tunawa cewa Fischer ya san wannan tsari daga ɗaya ɓangaren allon ba. A gasar Stockholm ta 1962 ya kare kansa da Tartakower a kan Mario Bertok na Yugoslabiya, ya ci, ya kuma saka wasan a littafinsa na wasanni sittin da aka buga a 1969. Baƙo ne a kujerar farare, amma ba baƙon gidan ba ne.

A taku na 8 Fischer ya ci a d5, Spassky ya rama da doki. Aka yi musayar giwayen baƙaƙen gidaje a e7, aka yi musayar dawaki a d5, dakaren baƙaƙe ya dawo d5. Fischer ya kai hasumiya c1. Tunda dakarensa ya toshe doguwar hanyar b7, Spassky ya kai giwarsa e6, wanda shi ne daidai. Sarauniyar farare ta fita a4, baƙaƙe suka tura c5, ta koma a3. Daga a3 tana kallon sarauniyar baƙaƙe da ke e7 ta bayan dakaren c5, don haka dakaren ya zama ɗaurarre: idan ya motsa, sarauniyarsa ta fita fili. Spassky ya ƙarfafa shi da hasumiya a c8.

Taku na 14 shi ne mahaɗar da nazarin buɗi ya fi tsayawa a kai. Fischer ya kai giwarsa b5, dabarar da Semyon Furman ya yi wa Geller a Mosko a 1970. Manufarta ita ce a dagula wa dokin b8 fitowa, a kuma tsokano dakaren a7 ya motsa. Spassky ya tura a6. A ido kamar korar giwa ce, amma dakaren ba zai iya cinta ba, domin da ya bar layin a, sarauniyar farare za ta cinye hasumiyar a8 da ba ta da mai gadi. Fischer ya yi amfani da wannan sarari ya ci a c5, Spassky ya rama da dakaren b6. Sakamakon shi ne abin da masana ke kira dakaru masu reto: biyu gefe da gefe a c5 da d5, babu wani dakare a kusa da zai tokare su. Irin waɗannan dakaru ƙarfi ne muddin suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna tsare gidajen gabansu, kuma rauni ne da zarar an tilasta wa ɗayansu matsawa. Ragowar wasan a kan wannan batu aka yi shi.

Fischer ya kai sarkinsa mafaka a taku na 16. Spassky ya matsar da hasumiya a7, inda sarauniya ke gadinta, sai giwar farare ta ja da baya zuwa e2. Dokin baƙaƙe ya fito d7, ya shiga tsakanin hasumiyar da sarauniyar. Nan take Fischer ya ajiye dokinsa a d4, gidan da dakaren c5 ke iya ci amma ɗaurin ya hana shi. Spassky ya janye sarauniya f8 domin ya kwance ɗaurin. A taku na 19 Fischer ya yi abin da ɗan wasa mai bin ƙa'idar littafi zai yi jinkirin yi: ya ba da dokinsa mai kyakkyawan matsayi, ya ci giwar e6 da ke zaune a bayan dakarunta. Spassky ya rama da dakaren f7, wanda a zahiri ya ƙara wa d5 tokara. Abin da Fischer ya hango shi ne giwarsa ta fararen gidaje ta rasa abokiyar hamayya, kuma bangon sarkin baƙaƙe ya sami tsaga a f7.

Taku na 20, dakare zuwa e4, shi ne zuciyar wasan. Ya bugi d5 kai tsaye, ya tilasta wa Spassky zaɓi. Da ya ci a e4, da dakarunsa sun tarwatse gida-gida. Ya zaɓi tura d4, ya sami dakaren da babu abokin gaba a layinsa, amma ya bar gidan c4 a buɗe har ƙarshen wasa. Masu sharhi da dama sun ɗauki wannan a matsayin kuskuren da ya yanke hukunci. Fischer ya tura f4, sannan e5, wanda ya hana doki gidan f6, ya kuma kafe dakaren e6 a farin gida. Giwa ta sauka c4 tana kallonsa. A taku na 24 sarauniyar farare, wadda ta shafe taku goma a a3, ta ratsa layi na 3 gaba ɗaya zuwa h3, ta haɗu da giwa a kan e6. Aikin da aka fara a ɓangaren sarauniya ya koma ɓangaren sarki da taku ɗaya, kuma takun e4 ne ya share mata hanyar tun da farko. Dokin baƙaƙe ya koma f8 gadi.

Fischer bai yi gaggawa ba. Ya tura b3 ya rufe layin da hasumiyar Spassky ke nema, sannan f5 a taku na 26. Bayan musaya, hasumiyarsa ta zauna f5, dakaren e5 ya sami hanya. Spassky ya kai doki h7 da ɗan tarko a ciki: da hasumiyar ta yi saurin shiga f7, da dokin ya tsallaka g5 ya kama ta tare da sarauniya. Fischer ya ninka hasumiyoyinsa a layin f, ya matsar da sarauniya g3, ya tura h4, dokin ya rasa g5 kwata-kwata. Dakare ya shiga e6 a taku na 31, sarauniya ta hau e5 a na 32. Daga nan har taku na 36, Spassky bai motsa komai ba sai sarauniyarsa, daga e8 zuwa d8, daga d8 zuwa e8, sau biyar. Adadin 'ya'yan ɓangarorin biyu daidai yake, amma zakaran duniya ba shi da wani taku mai amfani. A cikin wannan lokaci Fischer ya toshe a4, ya gyara zaman hasumiyarsa ta biyu a f2 sannan f3, ya mayar da giwa d3.

Da sarauniyar farare ta tsaya e4 a taku na 37, gaban giwarta, barazanar ta fito fili: hasumiya ta faɗa f8, a janye dokin daga h7, sarauniya ta shiga h7 ta kashe sarki. Spassky ya tare da doki f6. Fischer ya ci dokin da hasumiya, dakaren g7 ya rama, hasumiya ta biyu ta ci dakaren. Wannan ita ce sadaukarwa ɗaya tilo a wasan, kuma ta zo ne bayan an gama aikin. Sarki ya matsa g8, giwa ta koma c4, sarki ya koma h8, sarauniya ta sauka f4 tana barazana ga f8 da h6 a lokaci guda. Spassky ya sallama. 'Yan kallo suka tashi da tafi, shi ma ya tafa tare da su, abin da ba a saba gani daga wanda aka doke a gasar kambu ba.

Fischer ya ci gaba da amfani da c4 a wasanni na 8, 12 da 14. Ya ci na takwas, sauran biyun canjaras. A na 12, da aka sake isowa mahaɗar taku na 7, Spassky ya kauce wa b6, ya fito da doki d7. An ƙare gasar ranar 1 ga Satumba, 1972, lokacin da Spassky ya sallama wasa na 21 ta wayar tarho, maki 12½ da 8½. Fischer ya zama zakaran duniya na 11, kuma haifaffen Amurka na farko da ya riƙe kambun. Bai kare shi ba. A 1975 FIDE ta ba Anatoly Karpov kambun bayan ta kasa daidaitawa da Fischer kan sharuɗɗa.

Abin lura a tarihin buɗin shi ne faɗuwar Spassky ba ta kashe Tartakower ba, domin maganin takun giwa b5 yana cikin tawagarsa. Geller, wanda aka fara yi wa dabarar, ya gano cewa a taku na 14 sarauniyar baƙaƙe ta koma b7 maimakon tura a6. Takun yana fitar da ita daga ɗauri, yana ba hasumiyar a8 gadi, yana kuma barin dakaren c5 a matsayin tayi. Geller ya gwada shi a kan Jan Timman a Hilversum ta ƙasar Holan a 1973. Timman ya ci dakaren, aka yi musayar hasumiya a c5, dokin baƙaƙe ya fito a6, giwa ta ci shi, sarauniya ta rama daga a6 ta hana sarkin farare zuwa mafaka. Sarkin ya maƙale a tsakiya, Geller ya ci wasan. Gidan b7 ɗin shi ne wanda Fischer da kansa ya kai sarauniyarsa a taku na 14 a wasansa da Bertok shekara goma kafin Reykjavik, a wani tsari mai kama da wannan.

Bayan 1973 masu farare sun rage dogaro da saurin ci a d5. Suka koma jira har giwar baƙaƙe ta zauna b7, sannan su ci dokin f6 da giwarsu, su ci a d5, domin a tilasta ramuwa da dakare, giwar b7 ta samu kanta a bayan bango. Wannan reshe ya yi ta maimaituwa a doguwar gasar Karpov da Garry Kasparov ta Mosko, daga 1984 zuwa 1985, mai wasanni 48, inda kowannensu ya buga Tartakower da farare da kuma baƙaƙe, yawanci a tashi canjaras. Nigel Short na Ingila ma ya riƙe ta a matsayin babbar kariyarsa shekaru da dama. Har yau tana cikin amintattun hanyoyin amsa Gambit na Sarauniya, daga gasannin ƙwararru zuwa na ƙananan kulob-kulob.

Darajar wasa na shida a wurin masu koyarwa ba ta rataya a kan buɗin ba, tunda an nuna cewa mai baƙaƙe yana da mafita. Ta rataya ne a kan yadda Fischer ya riƙa musanya riba da riba: ɗaurin c5 ya haifi takun doki d4, dokin ya sayo rinjaye a fararen gidaje, rinjayen ya ba takun e4 ƙarfi, e4 ya samar da gidan c4 da hanyar h3, daga nan aka sami layin f da dakaren e6. Kura-kuran Spassky ƙanana ne, irin waɗanda ba a gane su sai bayan taku goma. Saboda haka littattafan dabarun tsakiyar wasa ke kawo shi a babin dakaru masu reto, da kuma babin fifikon giwa a kan doki, sau da yawa gefe da gefe da wasan Bertok, inda irin waɗannan dakaru suka ba mai su nasara.